Yaran Laburare da Tafiyar Argungu

Lahadi, 27 ga Satumba, 1992, da hantsi

Jiya kafin magariba na mayar da yaran gidajensu, kowa na miƙa shi hannun uwarsa. Gida ɗaya ne na tsaya a ƙofarsa ba ni da wanda zan miƙa.

Zakiyya, ɗaya daga cikin yaran, tana kwance a asibiti a Argungu. Ƙafar dama ce ta karye, ƙasa da gwiwa. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Lahadi, bayan la'asar

Maigidana Malami ya ce in ci abinci. Na ce to. Tuwon yana nan a rufe.

Litinin, 28 ga Satumba, da azahar

Na zo aiki don ban san inda zan je ba. Malam Arzika, shugaban laburaren, ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a ma'aikata an ji, za a kafa kwamiti, kuma zaman karatun yara ya tsaya har sai abin da hali ya yi. Yana magana yana kallon fanka.

Na shiga ɗakin baya na zauna a kan kwali. Tun da aka ƙirƙiro jiha bara muka taso daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi da kason littattafanmu, rabinsu har yau a kwali suke, babu kanta. A wannan ɗakin na fara tara yaran firamare, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Mu ture kwalaye, mu shimfiɗa tabarmi, in karanta musu babi ɗaya, su ma su karɓa layi-layi, sannan kowa ya faɗi abin da zai yi da shi ne a cikin labarin. Da za su tafi kowa ya ari littafi ɗaya. Farko yara ƙalilan ne. Da damina ta kankama har a bakin ƙofa suke zama.

Littafin da muke karantawa labarin wani masunci ne da ɗiyarsa. A zaman watan jiya wani yaro, Mujtaba, ya tambaye ni yadda mutum yake zama a kan gora a cikin ruwa bai nutse ba. Na duba, ashe yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne da aka taso da su daga wasu garuruwa, ba su taɓa ganin masunci a bakin aikinsa ba. Na ce to, wata mai zuwa a Argungu za mu yi karatu, a bakin gulbi. Sun yi ta tsalle a kan tabarmi har Malam Arzika ya leƙo.

Ni na ce. Babu wanda ya sa ni.

Laraba, 30 ga Satumba, da safe

Shagon Malam Hammadu, baban Zakiyya, a rufe yake. Tela ne, layinmu ɗaya a unguwar Nasarawa, ta gabansa nake wucewa kullum.

Tun farko ya ce ba za ta je ba. Ana jibi tafiya ya wuce Jega sayen yadi. Na shiga wurin matarsa Adawiyya, na tarar da yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura. Na ce wa Adawiyya ai Argungu garinsu ne, kakarta ma tana can, kafin ya dawo mun dawo. Daga ƙarshe ta ce tun da ke ce.

Alhamis, 1 ga Oktoba, bayan magariba

Yau hutu. Na shiga mota na je Argungu. Ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kore har iyakar ganin ido, ban so kallon wajen ba.

Zakiyya ba ta asibiti. Wata nas ta ce ubanta ya ɗauke ta tun shekaranjiya, likita ya yi magana bai saurara ba. Ya kai ta gidan mahaifiyarsa, ya kawo mai ɗori.

Na tambayi gidan har na samu. Tsohuwar, Inna Nana, ita ta amsa sallamata. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ta Malamar?" Na ce ni ce. Ta shimfiɗa mini buhu a tsakar gida kusa da inda suke shanya kifi, ta kawo ruwa. Ɗakin ba ta ce in shiga ba. Ina jin numfashin yarinyar daga inda nake.

Na tambayi inda Adawiyya take. Inna ta ce tana gidansu a Augie. Malam Hammadu ya ce ta tafi, kuma kada ta taka gidan nan. Na ce har yaushe? Ta ce ba a yi maganar yaushe ba.

Da zan fita muka haɗu da shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya gyara takalminsa ya wuce.

Asabar, 3 ga Oktoba, da rana

Na gaji. Ban yi komai ba kuma na gaji.

Talata, 6 ga Oktoba, da azahar

Iyaye sun fara aiko da littattafan aro. Ba yaran ke kawowa ba, yayyensu ne, ko direban gida. A ajiye a kan teburin Sirajo, abokin aikina, a juya. Wata ta aiko da nata a ƙulle cikin leda kamar abin da ake gudun taɓawa.

Littafin Ilham ya dawo da ganyen darbejiya a tsakiya, inda ta tsaya. Ba ta kai rabi ba. Ita ce mai karatu da yatsa, a hankali, ba ta yarda a taya ta. Na mayar da shi kwali da ganyen a ciki.

Sirajo ya ce in je gida in huta, zai tsare wurin. A gida ma me zan yi.

Juma'a, 9 ga Oktoba, da hantsi

Malami ya je Argungu jiya da wani dattijon unguwa don su ba Malam Hammadu haƙuri. Ya karɓe su, ya ce ƙaddara ce, ya gode. Da suka kawo zancen Adawiyya ya ce wannan maganar gidansa ce. Da suka kawo zancen asibiti ya ce ubansa ma ɗori aka yi masa, ya taka ƙafarsa har ya mutu.

Malami ya dawo ya yi sallah. Sannan ya ce, Sadatu, ki rage zuwa can. Na ce to.

Asabar, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je.

Buhu ɗaya, wuri ɗaya, ruwa a kofi ɗaya. Na kai lemo. Inna ta ce ba ta cin komai sai kunu.

Litinin, 12 ga Oktoba, da azahar

Kwamiti. Mutum uku a wani ofis da ake raba shi da wata ma'aikatar, ana buga tafireta a bayan labule duk tsawon zaman. Sun tambaye ni wa ya ba ni izinin fita da yara. Na ce Malam Arzika ya sani. Ya ce ya sani amma da baki ne. Gaskiya ya faɗa. Sun tambaye ni ina nake tsaye a lokacin. Na faɗa musu. Sun tambaye ni me na gani. Na faɗa musu wannan ma, ɗayansu ya daina rubutu.

Na ƙarshen, mai farin gemu, ya tambaye ni wai me ya haɗa laburare da gulbi. Na buɗe baki in yi masa bayanin gora da tambayar Mujtaba, sai na ji abin ba shi da nauyin da zan ɗora a teburin. Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe.

Laraba, 14 ga Oktoba, da safe

Shagon a rufe. Wani ya zo karɓar ɗinkinsa yana ta buga ƙofa.

Juma'a, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Zan rubuta wannan duka.

Na isa gidan Inna ana shirin tafiya masallaci. Malam Hammadu ya riga ya fita. Yau ba ta shimfiɗa buhu ba, ta kama hannuna ta ja ni ɗaki. Rabona da ganin Zakiyya tun ranar. Ta rame, leɓenta ya bushe, jikinta zafi kamar an sauke tukunya. An ɗaure ƙafar da karare da tsumma, yatsun sun kumbura sun canja launi. Akwai wari. Da ta gan ni ta juya fuskarta bango.

Inna ta ce, "Malama, ki samo muna mota yanzu, mu kai ta asibiti tun bai dawo ba. Na yi mishi magana har na gaji. In ya dawo ni ka amsa mishi."

Tasha ba nisa. Na san da na fita da na samo mota. Har na ɗauki jakata. Sai na tsaya a bakin ƙofa na kasa fita. Na ce, Inna, sau ɗaya na ɗauki yarinyar nan bayan idon ubanta, ba zan ƙara ba. Ta ce to so nake ta mutu? Na ce a'a, jiransa zan yi.

Ban taɓa zaman da ya kai wannan tsawo ba. Ina zaure, ina jin huɗuba daga nesa, ina jin yarinyar daga ciki. Inna ta daina yi mini magana. Duk lokacin ina cewa a raina, idan wani abu ya faru kafin ya dawo, wannan ma ni ce.

Da ya shigo na tsaya a tsakiyar zauren, ban durƙusa ba, don in na durƙusa zai wuce. Na ce, "Malam, ba sai ka amsa gaisuwata ba, ba sai ka yafe mini ba. Ka shiga ka kwance tsumman nan ka duba da idonka. In ka duba ka ce a bar ta, zan tafi, ba za ka ƙara ganina a gidan nan ba."

Ya ce, "Ke har kina da bakin hwaɗa min abin da za ni yi da ɗiyata?"

Na ce ba ni da shi.

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito yana ɗauke da ita a kafaɗa, hularsa ta faɗi a tsakar gida bai tsaya ɗauka ba. Bai kalle ni ba. Ya ce wa Inna ta ɗauko zane.

A Argungu suka duba suka ce a wuce da ita Birnin Kebbi. Mota ɗaya muka shiga, shi a gaba, ni da Inna a baya, kan yarinyar a cinyar Inna, ƙafar a kan tawa. A haka muka iso.

Asabar, 17 ga Oktoba, da hantsi

Likita ya ce za su gwada. In zuwa tsakiyar mako bai ga abin da yake so ba, akwai magana ta biyu. Bai faɗi sunanta a gaban yarinyar ba. Ni ma ba zan rubuta ba.

Lahadi, 18 ga Oktoba, da yamma

Adawiyya ta zo daga Augie da yayanta. Asibiti ba gidan kowa ba ne, babu mai hana ta. Ta shimfiɗa zaninta a gindin gadon. In Malam Hammadu ya shigo sai ta fita baranda, in ya fita ta dawo.

Na gaishe ta ina jiran abin da za ta ce. Ta ce, "Sannu da ɗawainiya, Malama." Shi ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Talata, 20 ga Oktoba, da safe

Jira.

Laraba, 21 ga Oktoba, da safe

Jira. Malami ya ce ina magana cikin barci, wai ina kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya kamar ina shigar da su mota.

Alhamis, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Zazzaɓin ya sauka. Likita ya danna yatsunta ya ce ta motsa, ta motsa babban. Ya ce ƙafar za ta zauna. Gwiwar ba za ta lanƙwasu kamar da ba, kuma za ta ɗan gaza ɗayar, amma za ta zauna.

Inna ta yi ta hamdala tana shafa kan yarinyar. Adawiyya ta rufe fuska da mayafi. Ni na fita na zauna a gindin wata bishiya, na ɗauka kuka zan yi, sai barci ya ɗauke ni a zaune. Mai shara ce ta tashe ni.

Litinin, 26 ga Oktoba, da azahar

Na kai littafin masuncin asibiti, na ce ko in ƙarasa wa Zakiyya. Ta ce ba ta so. Ta juya bango. Na mayar da shi jaka. Laifina ne da na zaɓi wannan, kamar ba ni da hankali.

Sauran marasa lafiyar ɗakin sun ɗauka ni ƙanwar uwarta ce. Babu wanda ya gyara musu.

Laraba, 28 ga Oktoba, bayan magariba

An ce za a sallami Zakiyya farkon mako. Adawiyya ta ce Augie za ta tafi da ita. Malam Hammadu ya ce ɗiyarsa gidansa za ta koma. Ya aika biko sau biyu, yayyenta sun ce ba a kori mace daga kan ɗiyarta tana kwance sannan a aiko yara da goro. Yarinyar tana jin duk wannan daga kan gado.

Yau ina dawowa daga aiki na tarar da shi a ƙofar gidanmu tare da Malami. Ya gaishe ni. Ya yi ta juya makullin shagonsa a hannu, sannan ya ce, yana kallon Malami ba ni ba, "A ce ma Malama ta yi ma Adawiyya magana. Tana jin maganarta. Ai da maganarta ta bar yarinya ta tahi."

Ban san ko roƙo ne ko tuni ba. Ina jin shi ma bai sani ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba, da yamma

Na sami Adawiyya a barandar asibiti tana wanke kwano. Na ce mata an aiko ni. Na faɗa mata abin da ya ce, yadda ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce to ni me na gani? Na ce, Adawiyya, na taɓa sa ki yin abin da ba ki yi niyya ba, ba zan sake ba, saƙo kawai na kawo.

Ta ci gaba da wanke kwanon da ya riga ya fita. Can ta ce, "Shi yat tahi har gidanku?" Na ce shi. Ta ce, "To ya san hanya ke nan. Ya zo nan ya hwaɗi da bakinai, gaban Inna, gaban ɗiyar."

Na kai saƙon ta bakin Malami. Na gaji da zama hanya.

Asabar, 31 ga Oktoba, da azahar

Asabar ɗin ƙarshen wata. Babu zama, kowa ya sani. Na zo ne kawai in rage kwalaye.

Da hantsi na ji motsi a baranda. Mujtaba ne da Ilham da wasu uku, sun yi wanka sun shafa mai. Na ce musu an dakatar. Mujtaba ya ce sun sani, sun zo ne ko an fasa dakatarwar. Na ce ba a fasa ba. Suka tsaya. Ilham ta tambaya ko an hana aro ma. Na duba Sirajo, ya ce shi dai ba a ce masa an hana aro ba.

Sun ari littattafai suka zauna a kan dakalin waje, kowa da nasa, babu mai karanta wa wani. Mujtaba bai buɗe nasa ba. Da za su tafi ya dawo bakin taga ya ce, "Malama, da ban yi tambayar gora ba, da ba mu je ba ko?" Na ce tambayarka mai kyau ce, kuma ni na ce a je, ba kai ba. Na sa shi ya maimaita. Ya maimaita, amma ban ga alamar ya yarda ba. Ashe wata guda yaron nan yana ɗauke da wannan, ni ina can ina jin tausayin kaina.

Litinin, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwamiti ya gama. Ba a kore ni ba. An mayar da ni sashen jera littattafai, ba ruwana da ɗakin yara. Zaman karatu zai dawo ƙarshen wannan watan a hannun Sirajo, kuma ba fita ko nan da bakin titi. Malam Arzika ya ce in gode wa Allah. Na gode.

Sirajo ya biyo ni yana cewa shi bai iya da yara ba, yaya ake sa su yin shiru. Na ce ba a sa su. Ka fara karatu ƙasa-ƙasa, su da kansu za su matso. Na ce kada ya taya Ilham ko ta daɗe a kan kalma, kuma ya riƙa kiran Mujtaba ko bai ɗaga hannu ba. Ya ce in rubuta masa. Na ce zai gane su.

Laraba, 4 ga Nuwamba, bayan magariba

An sallami Zakiyya jiya. Malam Hammadu ya je asibitin ranar Lahadi, Inna ta ce ya yi maganar, gajeriya, yana kallon ƙasa. Ban tambayi me ya ce ba. Adawiyya ta dawo Nasarawa da ɗiyarta. Ba ta kwance kayanta ba tukuna, na ga ƙullin a bayan ƙofa.

Na shiga da yamma, hannu sake, ban kai littafi ba. Zakiyya tana kan katifa a tsakar gida, ƙafar a miƙe cikin farin filasta, ƙannenta sun zana mata kifi a kan filastar da gawayi. Na gaishe ta na zauna wajen Adawiyya muna tsince shinkafa. Na ɗauka yau ma bango za ta juya.

Har na tashi tafiya ta ce, "Malama."

Na ce na'am.

"An ce za a koma karatu. Ni ƙafata ba ta naɗuwa, ba ni iya zama tabarma."

Na ce za a sa mata kujera, a gaba, kusa da mai karatu. Ta yi tunani ta ce to a sa biyu, ɗaya ta ɗora ƙafar. Na ce za a sa biyu.

Ban gaya mata ba ni zan karanta ba. Gobe zan faɗa wa Sirajo zancen kujerun.